Fadar Pavlovsk da lambunta: shuka aka yi ko daji ne, kuma ginin na asali ne ko kwaikwayo?

Wani ɗalibi mai karatun zanen gine-gine ya aiko da wannan tambaya: "Malam, an ba mu aikin nazarin fadar Pavlovsk ta ƙasar Rasha a matsayin misalin salon niyokilasik. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Dajin da ke kewaye da fadar, tarar da shi aka yi ko shuka shi aka yi? Sannan na karanta cewa fadar ta ƙone a yaƙin duniya na biyu. In haka ne, don me har yau ake kiranta ginin tarihi, ba kwaikwayo ba?"

Ɗalibi, Allah ya ƙara basira. Tambayoyinka biyu jijiyarsu ɗaya ce, za ka ga haka in mun yi nisa. Amsa a taƙaice: akwai daji a wurin tun farko, amma abin da idonka ke gani a hotuna aikin hannu ne, an auna shi an tsara shi kamar yadda ake tsara ɗaki. Fadar kuwa ta ƙone da gaske a 1944, kuma duk da haka ni ina cikin masu cewa ta cancanci sunan ginin tarihi, ko da yake akwai wurin da nake da ja. Bari mu bi abin daki-daki.

A watan Disamba na 1777 aka haifa wa yarima mai jiran gadon Rasha, Paul, ɗansa na fari, Alexander. Mahaifiyar Paul, Sarauniya Catherine ta Biyu, ta yi masa kyautar fili a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Slavyanka, kimanin kilomita 30 kudu da St. Petersburg, kusa da tata fadar ta Tsarskoye Selo. Wuri ne na farauta, daji da fadama da 'yan ƙauyuka. Kyautar na da ɗaci a cikinta, domin sarauniyar ta karɓe jaririn ta rene shi da kanta, haka ma ƙanensa Constantine. Matar Paul, Maria Feodorovna, 'yar gidan sarautar Württemberg ce ta Jamus, ta taso a Montbéliard cikin lambuna. Ita ce ta rungumi wannan fili, ta yi shekara hamsin tana hidimarsa har rasuwarta a 1828. Paul ya fi son Gatchina da faretin soja. Duk wanda zai yi nazarin Pavlovsk ya riƙe wannan: sunan miji wurin ke ɗauke da shi (Pavel shi ne Paul da Rashanci), amma ido da ra'ayin matar ne ke cikinsa.

Game da salon da aka ba ku nazari, asalinsa haƙar da aka fara a garuruwan Rumawa da aman dutse ya binne, Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748. Turawa suka ga gidajen mutanen dā da idonsu, suka fara ƙosawa da salon barok mai yawan lanƙwashe-lanƙwashe da ruwan zinare. Suka koma neman bango mai sauƙi, ginshiƙai a jere, dama da hagu daidai wa daida, kowane sashe yana da awon da ya dace da ɗan'uwansa. Malaminsu a wannan fanni shi ne Andrea Palladio, ɗan Italiya da ya rasu tun 1580, wanda ya yi wa attajiran yankin Venice gidajen gona. Gidansa da ake kira Rotonda, kusa da Vicenza, murabba'i ne mai ƙubba a tsakiya, yana bisa tudu yana duban kowace kusurwa.

Wanda ya kawo wannan tunani Pavlovsk shi ne Charles Cameron, ɗan asalin Sikotilan, wanda ya yi nazarin gidajen wankan Rumawa a birnin Rum ya buga littafi a kansu a 1772. Catherine ta kira shi Rasha a 1779, sannan ta ara wa ɗanta da surukarta shi. Daga 1782 zuwa 1786 ya gina uwar fadar: gini mai hawa uku, kusan murabba'i, launin ruwan ƙwai da fari, da ƙubba mai faɗi marar tsini wadda siraran ginshiƙai 64 suka kewaye gindinta. Daga gefe biyu ya fitar da baranda mai lanƙwasa kamar hannuwa biyu da suka rungumi farfajiya. Idan ka duba taswirar ginin za ka ga ɗakin da ke ƙarƙashin ƙubbar, wanda ake kira Zauren Italiya, da'ira ne, haskensa daga sama yake saukowa, sauran ɗakuna kuma suna kewaye da shi. Wannan shi ne darasin Palladio da na gidajen wankan Rum a haɗe. Ka zana shi da hannunka, kada ka tsaya ga hoto.

Cameron bai ji daɗin aikin har ƙarshe ba. Daidai lokacin fara ginin, a 1781 da 1782, Paul da Maria suka yi doguwar tafiya a Turai da sunan aro, wai su masu sarautar Arewa. Suka je Vienna, Italiya da Faransa, inda Sarki Louis na 16 da Marie Antoinette suka karɓe su a Versailles suka ba su kyaututtuka, ciki har da kayan kwalliya na tangaran daga masana'antar Sèvres da saƙaƙƙun dardumomin bango. Su ma suka yi ta saye: kujeru, agoguna, siliki na Lyon, zane-zane, tsoffin sassaƙe-sassaƙen marmara. Suka dawo da son ado fiye da abin da Cameron ke so, ga shi kuma shi mutumin Catherine ne, wadda ɗanta ba ya ga maciji da ita. Sai aka miƙa adon ciki ga Vincenzo Brenna, ɗan Italiya. Da Paul ya hau mulki a 1796, Brenna ya ƙara wa barandojin hawa, ya tsawaita fikafikan ginin har suka kusa rufe farfajiya, ya gina Zauren Karaga da coci. Gidan hutu ya zama fadar sarki. An kashe Paul a St. Petersburg a watan Maris na 1801.

Ga abin da ya shafi tambayarka ta biyu tun kafin mu iso yaƙi: fadar ta taɓa ƙonewa a 1803. Gobara ta cinye cikin uwar ginin, aka samu aka fitar da kaya da yawa. Wanda Maria ta ɗora wa gyara shi ne Andrei Voronikhin, mutumin da aka haifa cikin bautar gidan Stroganov, aka 'yanta shi, ya zama mai zanen babban cocin Kazan na St. Petersburg. Ya mayar da ɗakunan bisa tsarinsu, ya kuma sa nasa hannu. Ɗan ƙaramin ɗakin karatun nan da ake kira Fitila, na 1807, wanda rabinsa ke cikin inuwa rabinsa cikin hasken taga mai zagaye da ke duban lambu, nasa ne, kuma a wurina babu ɗakin da ya kai shi kyau a fadar duka. Mai zanen gini Quarenghi ya yi wasu ɗakuna, Carlo Rossi ya gina ɗakin littattafai a shekarun 1820. Ka ga ke nan ko a 1940 ba ginin Cameron zalla mutane ke kallo ba.

Yanzu lambun, inda nake so mu daɗe.

Turai na da manyan hanyoyi biyu na tsara lambun fada a wancan zamani. Na Faransa, irin na Versailles da André Le Nôtre ya tsara, miƙaƙƙun hanyoyi ne, itatuwa a aske, ruwa cikin kwatami mai kusurwa; kana tsaye a ƙofar fada ka ga ikon sarki ya miƙe har inda ido ya tsaya. Na Ingila, wanda William Kent da Lancelot Brown suka yi fice a kansa, akasin haka ne: a ɓoye hannun mutum, a sa wuri ya yi kamar haka Allah ya halicce shi. Catherine kanta ta rubuta wa marubucin Faransa Voltaire a 1772 tana bayyana tsananin son da take yi wa lambun Ingila da ƙin miƙaƙƙun layuka. Pavlovsk, mai faɗin kimanin hekta 600, yana cikin manyan lambunan Turai na wannan salo, ko da yake kusa da fadar akwai sassa masu tsarin Faransa, kamar miƙaƙƙiyar hanyar itatuwa da ke kaiwa farfajiya da ɗan lambun Maria na furanni.

Yadda ake ɓoye hannun shi ne ilimin. Slavyanka rafi ne da ba shi da wani ruwan kirki. Aka datse shi a wurare don ya faɗaɗa ya zama madubi a gindin tudun da fadar ke kai. Aka sassabe gangare, aka gyara kwanciyar ƙasa, aka bar itatuwa rukuni-rukuni maimakon jeri. Hanyar ƙafa kuma ba ta miƙewa. Tana lanƙwasa ne don ta hana ka ganin abu sai lokacin da mai tsarin ya so: ka fito daga duhun itatuwa sai ga gada, ka hau gadar sai ga ƙubbar fada ta leƙo ta tsakanin rassa, ka ƙara taku kaɗan ta ɓace. Kowane ƙaramin gini an ajiye shi ne inda zai tare ido daga wani wuri. Ɗaya daga cikin na farko shi ne Haikalin Abota da Cameron ya fara a 1780, da'irar gini mai ginshiƙai 16 irin na Girkawa a lanƙwasar kogin, wanda ma'auratan suka sadaukar ga Catherine. Kada sunan ya ruɗe ka, ba wurin bauta ba ne. Su Kiristoci ne 'yan Otodoks, haikalin da mutum-mutumin allolin Girka ado ne da nuna ilimi. Akwai kuma ɗakin madara mai rufin ciyawa kamar na manomi, da Hasumiyar Pil da Brenna ya gina, aka yi mata fenti kamar tsohon kango alhali cikinta ɗaki ne mai ado.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne jerin ginshiƙan Apollo, da ke tsallaken kogi daura da fadar. Cameron ya yi shi cikakkiyar da'ira. A 1817 hadari da ruwa suka rushe ɓangaren da ke duban kogin. Maria ta ce a bar shi haka, aka ma gyara zaman duwatsun da suka zube don su ƙara kyau. Mutanen wannan zamani suna son kango domin yana tuna musu shuɗewar zamani, har gina shi suke yi da gangan. Rushewar da ta zo da kanta sai ta zama ribar ƙafa.

Sai Pietro Gonzaga, ɗan Italiya mai zanen labulen dandalin wasan kwaikwayo, wanda ya tsara sashen da ake kira Farin Itace, da sunan itacen nan mai farin ɓawo da ya cika dazukan Rasha. Shi bai gina kusan komai a can ba, sara ya yi. Ana ba da labarin yana yawo cikin daji da fenti kala biyu, yana shafa wa itacen da za a sare alama ɗaya, wanda za a bari wata. Abin da ya rage shi ne fili mai faɗi da tsibiran itatuwa, wasu kusa wasu nesa, a jere kamar labulen dandali, ta yadda nisa ke ƙaruwa a ido. Wannan sashe ne ya fi kama da dajin Allah, kuma shi ne ya fi shan lissafi. Shi ne amsar tambayarka ta farko kai tsaye. Sai dai in za ka rubuta, kada ka manta da waɗanda suka yi haƙa da jido da dashe: talakawan da ke ɗaure a ƙasar iyayengiji da sojoji ne, a Rashar da ba ta soke wannan bauta ba sai 1861. Sunayen masu zane muke haddacewa, amma guminsu ne ya datse kogin.

Lambun ya kuma zama littafin iyali. Akwai kurmin da aka riƙa dasa itace a cikinsa don haihuwar 'ya'ya, akwai abin tunawa da iyayen Maria, akwai ginin tunawa da Paul da Thomas de Thomon ya yi a wani lungu mai duhun itatuwa, ko da yake ba a can aka binne shi ba. A 1814 aka yi bikin dawowar ɗan Maria, Sarki Alexander na Ɗaya, daga yaƙin Napoleon a Rumfar Wardi.

Bayan Maria zan wuce da sauri. Layin dogo na farko na jama'a a Rasha, wanda aka buɗe a 1837, ya iso Pavlovsk, aka gina zauren kiɗa a tashar don jawo fasinja, Johann Strauss ƙarami ya yi ta jagorantar makaɗa a can lokutan bazara tun daga 1856. Zuriyar gidan sarauta da suka gaji fadar sun bar manyan ɗakunan kusan yadda Maria ta bar su. Bayan juyin juya halin 1917 aka mayar da ita gidan tarihi, aka yi wa kayanta rajista, aka ɗauki hotuna. Riƙe wannan, domin shi ne ya cece ta.

Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuni na 1941. Ma'aikatan gidan tarihin, akasarinsu mata, suka shiga ɗaure kaya dare da rana. An tura wasu ta jirgin ƙasa can cikin ƙasa, zuwa Gorky da Sarapul, wasu aka kai ƙarƙashin cocin St. Isaac a Leningrad, sunan St. Petersburg a lokacin. Inda ba za a iya kwashe jerin kujeru duka ba, sai a ɗauki samfuri, a yanki ƙyallen labule, don a samu abin koyi. Mutum-mutumin lambu aka binne su da zurfi aka mayar da ciyawa a kai. Tsoffin sassaƙe-sassaƙen marmara masu nauyi aka shigar da su wani lungu na ƙarƙashin fadar, aka toshe da bulo, aka ɓata fuskar sabon bangon ya yi kamar tsoho. Wata matashiya, Anna Zelenova, ita aka ba riƙon gidan a waɗannan makonni, ta fita da ƙafa zuwa Leningrad ana gab da shigowar Jamusawa a watan Satumba.

Jamusawa sun zauna har Janairun 1944. Sun kwashe abin da suka samu, sun sare itatuwa kimanin 70,000, sun fasa gadoji, zauren kiɗa ya hallaka, da za su janye kuma wuta ta cinye fadar. Abin da Zelenova ta tarar bango ne baƙi ƙirin, babu rufi, babu ƙubba, ga nakiyoyi a cikin lambu. Amma bangon ɓoye yana nan ba a gano shi ba, abin da aka binne ma aka tono shi.

A nan gizo ke saƙar. Akwai masu ganin a bar kangon, ƙasa na fama da yunwa da rashin muhalli, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Zelenova ta dage, ta yi ta bin ofisoshi har aka amince. Mai zanen gini Fyodor Oleinik da abokan aikinsa suka riƙa tankaɗe toka suna tsince gutsattsarin adon filasta, suna lura da ɗakin da kowanne ya fito. Da waɗannan gutsattsari, da tsoffin zanen Cameron da Voronikhin, da hotunan kafin yaƙi, aka sake zuba kowane ado. Sana'o'in da suka kusa mutuwa, irin su marmarar roba da aka yi korayen ginshiƙan Zauren Girka da ita, da daɓen katako mai zane, da shafa ruwan zinare, sai da aka koya wa sababbin matasa. Anatoly Kuchumov, masanin kayan gidan tarihi, ya bi sawun kayan da aka sace ya kuma tsara mayar da kaya ɗakunansu. An buɗe ɗakunan farko a 1957, aikin ya ci har ƙarshen shekarun 1970. A 1990 UNESCO ta sa Pavlovsk cikin wuraren tarihi na duniya tare da St. Petersburg da kewayenta.

To asali ne ko kwaikwayo? Ka raba abin kashi-kashi, kada ka ba da hukunci ɗaya. Bangon bulo na ƙarni na 18 ne. Kaya da yawa da ke ɗakunan, tangaran, tagulla, zane-zane, sassaƙe-sassaƙe, su ne ainihin waɗanda Maria ta taɓa da hannunta. Rufi, ƙubba, daɓe, yawancin adon bango da zanen silin, aikin ƙarni na 20 ne bisa hujja. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masu gyaran gine-ginen tarihi ke bi, ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara. Ma'aunin ke nan: ba tsufan filasta ba, ƙarfin hujja. Pavlovsk ta fi yawancin fadojin da aka sake ginawa hujja, shi ya sa nake karɓarta. Mu da muka san ginin ƙasa bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Hasumiyar masallacin Agadez ana sabunta yaɓenta lokaci bayan lokaci, ba wanda ya ce ta daina zama ta tarihi, domin siffarta da ilimin maginanta ba su yanke ba. Takardar da masana suka fitar a Nara ta ƙasar Japan a 1994 ta faɗaɗa ma'anar asali har ta haɗa da irin wannan: siffa, fasaha, al'ada da amfani, ba kayan gini kaɗai ba.

Ga inda nake da ja. Silin Zauren Karaga da ake gani yau, mai zanen ginshiƙai da sararin sama, Anatoly Treskin ne ya zana shi bayan yaƙi bisa wani tsohon zanen Gonzaga da ba a taɓa aiwatarwa ba a zamanin Paul. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ba mayar da abin da ya ɓace ba ne, ƙara abin da bai taɓa kasancewa ba ne. Haka kuma wasu kayan ɗakin an kawo su ne daga wasu fadoji don cike gurbin waɗanda aka sace. Ba na kiran wannan ha'inci muddin ana gaya wa mai ziyara, amma ɗalibin gine-gine wajibi ne ya san bambancin, ya kuma rubuta shi a aikinsa.

Lambu kuwa tambayar asali ba ta hawa kansa yadda take hawa kan bango. Itacen nan mai farin ɓawo da wuya ya wuce shekara ɗari da 'yan kai. Ko ba a yi yaƙi ba, yawancin waɗanda Gonzaga ya bari da yanzu sun mutu. Abin da ake adanawa a irin wannan lambu shi ne tsarin: ina fili yake, ina duhu, daga wace gada ake hango wane gini. Abokin gabansa na kullum ba gatari ba ne, sakaci ne, domin in aka yi shekara ashirin ba a sassabe ba, ƙananan itatuwa za su toshe mahangar, wurin ya koma daji na gaske. Bayan yaƙi tsoffin taswirori da zane-zanen masu fenti na farkon ƙarni na 19 aka bi wajen sake dashe, kuma har gobe ana sara ana dasawa.

Don aikin da aka ba ku, shawarata ka samo taswirar kwarin Slavyanka, ka sa ɗigo a kan fadar, Haikalin Abota, ginshiƙan Apollo da gadojin, ka ja layi tsakanin duk biyun da ke hango juna. Sannan a taswirar fadar ka yi amfani da launi uku: na Cameron, na Brenna, na Voronikhin da waɗanda suka biyo shi, ka ƙara alama ta huɗu a kan abin da aka sake yi bayan 1944.